An Sauya Ƙwaƙwalwar Barewa

Shafi na 31

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce miyarta ta ƙone jiya tana duba waya ko na turo. Ga shi. Amma mai raunin zuciya ta nemi wuri ta zauna tukuna.

*

Ƙofar garejin a buɗe take rabi.

Shamsiya ta ja ta tsaya, don makullin yana hannunta, kuma Sharfuddeen ya ce da kansa ya rufe wurin da safe, bayan an loda Barewa an wuce da ita filin gasa.

Barewa ita ce 'yar motar lantarkin da su huɗu suka ƙarar da shekarar karatu suna haɗawa a wannan lungu na Ras Al Khor, can ƙasar Larabawa inda suke jami'a, tsakanin masu walda da masu sayar da tsofaffin kayan mota. Kujera ɗaya gare ta, doguwa siririya kamar kwalekwale. Yau Asabar, ranar tseren ɗaliban jami'o'i, kuma Ummulkhair, ƙanwar Shamsiya uwa ɗaya uba ɗaya, ita za ta tuƙa, don duk ta fi su rashin nauyi.

Caja kawai aka aiko ta ɗauka. Sharfuddeen, shugaban ƙungiyar tasu, shi ya same ta a rumfarsu ya ce sun manta cajar batir ta biyu, ta daure ta bi direba ta ɗauko, ai sai bayan la'asar za a kira su.

Ta tura ƙofar da ƙafa.

"Wane ne a ciki?"

Shiru. Sai ƙarar fankar bango.

"Na ce wane ne?"

"Ni ne."

A can ƙurya, a kan tsohuwar taya, Bashiru ne zaune, ya haɗa kai da gwiwa. Shi ne mai haɗa musu wayoyin motar. Hannunsa na dama naɗe da bandeji.

"Bashiru? Ba kai ka ce cikinka ke ciwo ba? Ba ka ce kana kwance a ɗaki a Al Khabaisi ba?"

"Na ɗan ji sauƙi."

"Ka ji sauƙi shi ne ba ka tafi fili ba, ka zo nan ka zauna a duhu?"



Ta kunna fitila, ta nufi kantar da suke ajiye caja. Wayam. Ta duba ƙasan tebur, ta ɗaga kwalaye, ta buɗe durowa.

"Ina cajar?"

"Suna can duka biyun," ya faɗa can ƙasan maƙoshi. "Ni na saka su a mota jiya."

Ta tsaya cak, kwali a hannunta.

"To me ya sa aka aiko ni?"

Ya kau da kai.

A lokacin ne idonta ya sauka a kwandon shara. Cikin guntayen waya da ledar burodi, wani abu kore ya leƙo. Ta sunkuya ta zaro shi. Ɗan allo ne da bai wuce faɗin tafin hannunta ba, ƙananan ƙafafun ƙarfe jere a gefensa. A kusurwarsa akwai ɗigon jan farce.

Ita ta ɗiga shi da hannunta.

Wannan shi ne maikrokontrolar, ƙwaƙwalwar Barewa. Shi ke jin yadda direba ya taka totur, ya faɗa wa inji yawan wutar da zai ja. Shi ke yanke wuta in an taka birki. Shi ke hana motar wuce gudun da jikinta zai iya ɗauka. Duk wani umarni da ke cikinsa, Shamsiya ce ta zauna ta rubuta shi layi bayan layi, har idonta ya fara ciwo. Da shi alƙalai suka gwada motar ranar Alhamis suka ce ta yi.

Yanzu ga shi a shara.



"Bashiru."

"Na'am."

"Idan wannan yana nan, me ke cikin motar da ƙanwata za ta shiga?"

"Shamsiya, wallahi ni ba..."

"Ban tambaye ka rantsuwa ba! Me ke cikin motar?"

Ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Wani allon ne. Sharfu ya samo shi a Deira, wajen wani mutum mai gyaran kekunan lantarki a bayan shagunan waya. Mutumin ya zuba masa nasa umarnin. Babu iyakar gudu a ciki. Sharfu ya ce naki yana ɗaure wa motar ƙafa, ya ce da shi na huɗu ma ba za mu zo ba."

"Yaushe kuka sauya?"

"Jiya, bayan an sauko daga Juma'a. Lokacin da kuka tafi karɓo wa Ummulkhair kwalkwali."

"Kun gwada?"

Ya kalli hannunsa mai bandeji.

Ita ma ta kalla.

"Ka ce min ruwan shayi ne ya zubo maka."

"Ba shayi ba ne."

"Ka yi magana mana, Bashiru, kar ka kashe ni a tsaye!"

"Mun ɗora ta a kan jak, tayoyin suna sama. Da farko lafiya lau, gudu kamar me. Da ta ɗauki zafi sai allon ya ƙame. Ya tsaya a kan umarnin ƙarshe da ya samu. Na ɗaga hannu daga totur, tayar ba ta rage ba. Na matsa birki, sai hayaƙi da ƙauri, kin san birkin keke ne, ba zai iya da injin ba in yana kan cikakkiyar wuta. Sai da na fizge wayar batir da hannuna."

Shamsiya ta dafa tebur.

"Jan maɓallin kashe mota fa? Na gaban direba?"

"Ta cikin allonki yake bi. Sabon ba shi da wurinsa. Sharfu ya ce in haɗe wayar kai tsaye."

"Ka haɗe?"

Ya gyaɗa kai.

"Rimot ɗin kashewa daga nesa?"

"Shi ma."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka haɗe. Da hannunka. Kuma ka san wa zai zauna a ciki."

"Ya ce zai sa wa allon fanka, ba zai sake zafi ba. Ya ce in na buɗe baki zai gaya wa makaranta ina aiki a shagon kargo da bizar ɗalibi. Kin san abin da za a yi min, Shamsiya. Kora ce. Ina zan kai fuskata a gida?"

"Ni kuma ina zan kai gawar ƙanwata?"

Ya rushe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Ba ta tsaya lallashinsa ba. Ta zaro waya ta kira Ummulkhair. Ta kara a kunne, tana zagaye wurin.

Sai ta ji ƙara a gefen cinyarta.

Ta buɗe jakarta. Wayar Khairi ce ke haske a ciki, an rubuta Yayata. Da safe ta miƙa mata ta riƙe, don rigar tseren ba ta da aljihu.

Ta kira Sharfuddeen. Ta yi ƙara sau ɗaya aka katse. Ta sake, aka sake katsewa. Ta kira malaminsu mai kula da aikin, a kashe, dama ya ce yau yana cikin alƙalai ba zai riƙe waya ba.

"Ba komai," ta ce, tana magana da kanta. "Ba komai. Sai bayan la'asar. Zan isa. Zan isa in cire shi."

"Ba bayan la'asar ba ne."

Ta juyo a hankali.

"Me ka ce?"

"An matso da rukuninmu tun jiya. Ana idar da azahar za a tashi. Shi ya sa ya turo ki nan."

Kamar jira ake ya rufe baki, lasifikar ɗan masallacin leburori da ke bayan garejin ta yi ƙara, ladan ya ɗaga murya.

Shamsiya ba ta san lokacin da ta fita ba. Takalminta ɗaya ya cire a bakin ƙofa, ta koma ta zura, ta ruga.

*

Sualah direba yana cikin a-kori-kurar makaranta, ya kwantar da kujera yana jin waƙar garinsu. Ɗan Zangon Kumasi ne, dattijo mai fara'a, Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"Sista, ina caja ɗin?"

"Baba Sualah, tada mota! Don Allah tada!"

Ya kalli fuskarta sau ɗaya, ya miƙar da kujera, ya murɗa makulli.

"Mi ya faru?"

"Motar ba za ta tsaya ba. In Khairi ta shiga ba za ta tsaya ba."

"Subhanallah. Yoo. Kama ƙofa da kyau."

Suka fito daga lungun suka tarar da tirela ta gindaya a hanya tana neman juyawa, wani Bapakistane yana tsaye a baya yana ɗaga mata hannu, shwaiya shwaiya, wato a hankali. Sualah ya danna oda bai ɗaga ba. Direban tirelar ya leƙo yana surfa masa zagi da yarensu. Sualah ya hau kan daɓen masu tafiya a ƙasa, madubin gefe ya gogi bango, suka wuce.

Shamsiya ta ƙanƙame ɗan allon a ƙirjinta har ƙafafunsa suna soke mata tafin hannu. Bakinta sai motsi yake, amma ita kanta ba ta san wace addu'a take yi ba.

Da suka hau titin Al Ain, hasken kyamarar kama masu gudu ya walƙa a gefen hanya.

"Rada ya kama mu," in ji Sualah. "Chale, yau aikina ya shiga hannun Allah."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Bari wannan magana. Yarinya nan kullum shi ke gaishe ni kafin kowa."

Ya ƙara taka mota.

Wayarta ta yi ƙara. Ta zabura ta ɗauka a zaton Sharfuddeen ne.

Lambar Najeriya.

"Assalamu alaikum, Umma."

"Wa alaikumus salam. Shamsiya, kuna lafiya? Tun safe gabana ke faɗuwa, na kasa ko karyawa."

Shamsiya ta toshe baki da gefen mayafinta.

"Lafiya lau, Umma."

"Ina autata? Ba ni ita in yi mata addu'a kafin ta shiga wannan abin naku."

"Tana... tana shiri ne, Umma. Ba a barin su da waya."

"Muryarki fa? Kuka kike?"

"Iska ce, muna cikin mota."



"Ni dai kin san ban so ba. Ke kika ce min da hannunki kika haɗa abin, kika ce ko gudu ta so yi ba zai bar ta ba. Don maganarki na yarda. Amana ce na ba ki, Shamsiya."

"Na sani, Umma."

"To Allah ya tsare. In an gama ku kira ni tare."

"In sha Allah."

Ta kife wayar a cinya. Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata.

Sualah bai ce mata ta yi shiru ba. Hanya kawai yake kallo, jijiyar wuyansa ta miƙe.

*

Filin gasar wani makeken wurin ajiye motoci ne a bayan gari, an zagaye shi da shingen roba ja da fari, an jibge tsofaffin tayoyi a wasu kwanoni. Tun daga ƙofa ake jin kiɗa da muryar mai sanarwa.

Motar ba ta gama tsayawa ba Shamsiya ta dire. Mai gadi ya ɗaga hannu, ta nuna masa katin da ke wuyanta ba tare da ta rage gudu ba.

Ta ratsa ta tsakanin rumfuna, tana ture mutane, ana bin ta da kallo.

Rumfarsu babu mota.

Ta waiga wajen layin tashi. Ga su can an jera, ƙananan motoci kala-kala suna sheƙi a rana. Barewa ce ta uku daga dama, koriya. An riga an rufe murfin gilashin. Ta cikinsa tana hango farin kwalkwali.

"Khairi!"

Kiɗa ya haɗiye muryar.

Ta yunƙura za ta tsallake shinge, wani ya sha gabanta.

Sharfuddeen ne. Riga mai tambarin ƙungiya, baƙin gilashi a goshi, oba-oba a hannunsa, wadda suke magana da direba ta cikin kwalkwali.

"Har kin dawo? Ina cajar?"

Ta ɗaga allon har saitin idonsa.

Fuskarsa ta sauya, amma nan da nan ya gyara ta.

"Rage murya."

"Ka ce ta fito."

"Shamsiya, ki saurare ni. Na sa fanka. Na gwada da safe, ko ɗumi bai yi ba."

"A inuwa ka gwada! Kalli ranar nan! Kalli kwalta! Ka ce ta fito!"

"Zagaye kaɗan ne, khalas, an gama. Kin ga mutanen can masu fararen kandura, dogayen rigunan nan? Daga Abu Dhabi suka zo. Duk ƙungiyar da ta ci za su ɗauke ta horon aiki. Bizata da wannan zangon za ta ƙare. Kina so in koma Kano in zauna a ƙofar gida ina kallon masu wucewa?"

"Ka koma ko ina ne! Ƙanwata ce a ciki!"

"Ni ma ƙanwata ce."

"Ƙarya kake! Da ƙanwarka ce da ba ka haɗe mata jan maɓalli ba!"

Wasu ɗalibai Indiyawa a rumfar kusa suka juyo. Sharfuddeen ya yi musu murmushi, ya matso kusa da ita, ya sauke murya ƙasa ƙasa.

"To je ki. Ga alƙalai can, je ki faɗa musu. Amma ki tuna, kowa a nan ya san ke ce mai ƙwaƙwalwar mota. Ni shugaba ne kawai, ban iya rubuta ko layi ɗaya ba. In aka ce an yi maguɗi bayan gwaji, wa za a fara tambaya? In 'yan sanda suka shigo ciki, fasfo ɗin wa za su riƙe? Nan ba Najeriya ba ce da za a kira kawu ya zo ya ba da haƙuri. Ke da Khairi duka za a kora. Ki yi tunani."

Ta san ba duka ne ƙarya ba. Ta ga yadda aka yi da wata 'yar ajinsu bara, daga ofishin makaranta sai filin jirgi, ko kayanta ba ta kwashe ba.

Ta kalli koriyar motar.

Farin kwalkwalin ya juyo wajensu. Ƙaramin hannu mai safa ya ɗago ta cikin gilashi, ya yi musu alamar komai lafiya.

Shamsiya ta ture Sharfuddeen da kafaɗa.

"A riƙe fasfon! A kore ni!"

Ta ruga wajen wani ma'aikacin fili mai rigar ruwan lemo, tana ɗaga hannu biyu, tana ihu da Turanci da guntun Larabcin da ta iya, a tsaya, a tsaya, akwai matsala. Mutumin ya dafa abin da ke kunnensa, ya nuna mata bayan shinge.

"Mamnu, sista! An hana! Koma baya!"

"Mota ta uku! Ku tsayar da ita!"

"Baya! Yalla!"

Tutar fara tsere ta sauka.

Babu rugugi irin na motar fetur. Wani siririn kuka kawai, kamar na sauro da yawa, motocin suka zabura.

Barewa ta fita kamar an harba ta.

Kafin kwanar farko ta wuce biyu. A miƙaƙƙiyar hanya ta wuce sauran, ta bar su a baya kamar suna tsaye. Filin ya ɗauki sowa. Mai sanarwa yana ta kiran lambarta. Masu fararen kandura suka miƙe daga kujerunsu.

Sharfuddeen ya daki iska da hannu.

"Kin gani? Kin gani ko? Wannan ita ce motar da kika ɗaure shekara guda!"

Oba-obar ta yi ƙara, muryar Khairi ta fito cike da dariya.

"Yaya Sharfu! Yau Barewa tashi take yi! Me kuka ba ta?"

Shamsiya ta fizge oba-obar daga hannunsa.

"Khairi, ni ce."

"Yaya! Kin dawo? Kina ganina?"

"Ina ganinki. Ki saurare ni da kyau. Ɗaga ƙafarki daga totur, ki gangara gefe ki tsaya."

"Haba Yaya, mu ne a gaba fa!"

"Ki tsaya na ce!"

"Me ya faru?"

"Ummulkhair!"

Ba ta kiranta da cikakken suna sai magana ta kai magana.

Shamsiya ta ƙura wa koriyar motar ido tana jira ta ga ta lafa. Ta zagayo ta gabansu, iskar ta kaɗa mata mayafi. Wani ƙauri ya biyo bayanta, irin na robar da ta ji wuta.

Ba ta lafa ba.

"Yaya."

Dariyar ta tafi. Muryar ta koma ƙarama, irin wadda take kiranta da ita suna yara in an ɗauke wuta.

"Yaya, na ɗaga. Ƙafata ba ta kan komai. Ba ta rage ba."

Sharfuddeen ya cire gilashin daga goshinsa.

"Ba zai yiwu ba. Na sa fanka."

"Taka birki, Khairi. A hankali, kar ki danne gaba ɗaya."

"Ina takawa! Yaya, yana wari! Ba ya kamawa!"

"Riƙe sitiyari da hannu biyu. Kar ki saki."

"Na danna jan maɓalli! Na danna, na danna, ba ya yi! Yaya me ya sa ba ya yi?"

Shamsiya ta runtse ido. Me za ta ce mata?

Sharfuddeen ya zaro rimot daga aljihu yana dannawa da yatsu biyu, yana nuna shi wajen motar kamar mai sauya tasha, alhali shi ya fi kowa sanin babu abin da ke sauraronsa a ciki.

Ma'aikatan fili sun fara ganewa. Jar tuta ta tashi a can, wata ta tashi a nan. Sauran motocin suka gangara gefe ɗaya bayan ɗaya. Kiɗan ya mutu. Filin ya yi tsit, sai kukan injin Barewa kaɗai, yana ƙara sirancewa.

Ta sha kwana ɗaya da ƙyar, tayar baya ta ɗaga sama ta dawo.

"Yaya zan mutu!"

"Ba za ki mutu ba. Ina nan. Kalli gabanki."

Shamsiya ta bi hanyar da ido, ta riga motar zuwa inda za ta. Miƙaƙƙiyar hanya, sannan kwana mai tsini a ƙarshe, wadda ko da allonta sai an rage gudu sosai ake shan ta. A bayan kwanar, shingen roba ne kawai. A bayan shingen, 'yan makarantar firamare da aka kawo kallo, zaune a ƙasa cikin rigunansu masu ruwan bula, malamarsu tana ƙoƙarin tashinsu, su kuma suna ta tafi.

Kafin a kai kwanar, ta hannun hagu, akwai tulin tayoyi da aka jingina da katangar siminti.

Ta kalli yaran. Ta kalli tayoyin.



"Khairi, kina jina?"

"Ina ji."

"Ba za ki iya shan kwanar can ba. Akwai yara a bayanta."

"Na gan su! Yaya na gan su!"

"Kin ga tayoyin hagu?"

Shiru.

"Khairi, kin gan su?"

"Akwai bango a bayansu."

"Na sani."

"Yaya..."

"Ki shige su da gefe, ba da kai ba. Ki manne kanki da kujera. Ki yi bismillah. In na ce yanzu, ki karya hagu."

Kuka kawai take ji ta cikin oba-obar, da numfashi, da wata kalma da ake maimaitawa, Umma, Umma, Umma.

Motar ta shigo miƙaƙƙiyar hanya.

Shamsiya ta ƙara damƙe oba-obar. Da bakinta za ta faɗa. Ita da aka ba amana.

"Yanzu!"

Koriyar motar ta karkata.

Ƙarar ba ta yi yawa ba. Wani dum ne mai nauyi, sai tayoyi suka watse sama, ɗaya ta gangara tsakiyar hanya tana juyi ita kaɗai. Ƙura ta tashi. Kukan injin ya ɗauke.

"Khairi? Khairi!"

Oba-obar sai shuuu.

Ta yar da ita ta tsallake shinge. Wani ya kama mayafinta, ta bar masa shi a hannu. Kwalta tana ƙona mata ƙafa, don takalman sun zube a hanya, ba ta ji ba. Tana gudu tana kiran sunan, bayanta ana gudu, gabanta ana gudu.

Barewa tana kwance a karkace cikin tayoyi, hancinta ya murƙushe. Murfin gilashin ya tsage amma bai fashe ba.

Daga bayan kujera, inda batir yake, wani farin hayaƙi ya fara fitowa. Siriri da farko. Sai ya yi kauri, yana huci kamar tukunyar da ta tafasa.

"Batir!" wani ma'aikaci ya yi ihu. "Kowa baya! Baya!"

Shamsiya ta faɗa kan motar. Ta laluba gefe inda maƙallin murfin yake, wanda ake ja da yatsa ɗaya ya buɗe. Ta ja.

Bai motsa ba.

Ta sake ja da hannu biyu har farcenta ya karye.

A ciki, farin kwalkwalin ya motsa. Hannu mai safa ya ɗago ya bugi gilashin. Hayaƙi ya fara cika wurin, yana rufe fuskar.

"Tana da rai! Ku taimaka min! Murfin ya ƙi buɗewa!"

Ta sunkuya ta duba maƙallin, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani a jikin Barewa ba. Kawunan noti sababbi fil, jere a gefen murfin, an ɗaure su tam.

Ta ɗago.

Sharfuddeen yana tsaye a bayanta, leɓɓansa sun yi fari, hannuwansa a kai.

"Karkarwa yake yi in ta ɗauki gudu," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Yana shan iska. Shi ne da ta shiga... na ɗaure shi daga waje."

"Ina sifanar?"

Ya shafa aljihun dama. Ya shafa na hagu.

"Sharfuddeen, ina sifanar?"

Daga cikin hayaƙin, tafin hannun Khairi ya sake bugun gilashin.

Wannan karon a hankali.